Daren Talata da Daren Juma'a

Shekara goma sha tara ina yanke kan sadin
a kamfanin gwangwani na Matosinhos.
Hannuna ya san gishiri, ya san ƙaya.
Ban san akwai abin da ya fi su cizo ba
sai da ƙaiƙayi ya sauka inda ba a sosawa a gaban mutane.

Ƙarfe uku na dare yake tashina.
In zauna a bakin bahon wanka,
teku na dukan katanga, ni ina cizon tawul
kada Amândio ya farka.

Sanyi ne, in ji mai kemis.
Sanyi ne, in ji likitan farko, bai ko ɗaga kai ba.
Girma ne, in ji na biyu, haka mata suke in jini ya ɗauke.
Shekara shida ina sayen maganin cutar da ba tawa ba.

Likita Leonor ce ta miƙo mini madubi.
"Duba, Graciete. Naki ne."
'Ya'ya uku sun biyo ta wannan hanya,
ni mai hanyar ban taɓa kallonta ba.
Fatar ta yi fari fat, ta yamutse kamar takardar naɗe taba,
leɓe ya manne da leɓe,
ƙofar ta tsuke kamar bakin jakar da aka ja wa zare.

"Ba ya warkewa," ta ce, "amma yana jin magana.
Ba wanda ya shafa miki, ba ki shafa wa kowa ba."
A nan kuka ya ƙwace mini,
don na daɗe ina shinshina rigunan mijina
ina neman matar da babu ita.

Aka ba ni man shafawa, gwargwadon ƙwayar wake,
kullum dare har wata uku,
daga nan Talata da Juma'a, har ƙarshen rai.
Na bar sabulu mai ƙamshi, na bar matsattsen wando.
Aka ba ni 'yan sanduna huɗu na roba, ƙarami zuwa babba,
wai in riƙa koya wa ƙofa buɗuwa.
Na ɓoye su a akwatin keken ɗinki.

Ƙaiƙayi ya kwanta.
Abin da ba a rubuta a jikin kwali ba shi ne
wurin daɗi ya zama wurin jinya.
Ya kai hannu, in ƙanƙame tun kafin ya iso,
kamar kyanwar da ta taɓa taka murhu.
Sai ya koma gefen gado,
bayansa kamar kwale-kwalen da aka kife a kan yashi.

Wata Juma'a ya je neman zaren ɗinke koma,
ya buɗe akwatin.
Bai tambaya ba. Ya tsaya kawai, hula a hannu.
Na faɗa masa duka, har da shinshina riguna.
Ya yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya.
"Ni kuwa na ɗauka kin gaji da ni ne.
Har sabulu na canja sau uku."

Yanzu shi yake riƙe mini madubi,
yana kallon bango, wai kunya, da furfurarsa.
Wani daren iyakarmu wuya da bayan gwiwa,
ashe can ma akwai gari, ba mu taɓa sauka ba.
Wani daren mu isa.
Wani daren fata ta tsage, ɗigon jini a zanin gado,
in juya baya ina jin haushin kowa,
mu koma farko.

Ya ce in koma ta maƙale a dutse
ba a fizga, jira ake ruwa ya ɗaga ta.
Na ce ni ba koma ba ce.
Ya ce to.

Gobe Talata.
Man ya kusa ƙarewa, sai na biya kemis in na tashi aiki.